Wurin Kaucewa

Hanyar nan faɗin mota ɗaya gare ta.
Kakana ya ce shanu ne suka zana ta,
hukuma kwalta kawai ta zuba a kan sawunsu,
shi ya sa take lanƙwasa inda babu dalili,
tana bin bakin tafki kamar mai neman abin da ta yar.

Shekara goma sha tara ina kai wasiƙa a kanta,
daga Lochinver har gidan ƙarshe,
inda Torquil ke jiran maganin hawan jininsa
da jaridar jiya.
Na san kowane rami.
Na san tunkiyar nan mai jan fenti a ƙugu
da ke kwanciya kan kwalta don ɗumi,
ba ta tashi don hon, sai ta gama tuƙa.

A nan ba a gaisuwa da baki,
yatsa ɗaya ake ɗagawa daga sitiyari.
Wanda ya fi kusa da wurin kaucewa shi ke ja da baya,
ko mai wa'azin coci ne, ko wanda ke bin ka bashi.

Da bazara sai baƙi su zo
da ɗakunansu a baya kamar katantanwa,
farare, dogaye, kekuna ɗaure a gindi,
labule na lilo a taga.
Na zage su, ba zan ɓoye ba,
wani lokaci a zuci, wani lokaci gilashi a sauke.

Ranar Talata gajimare ya sauko har ƙasa.
A kan tudu muka yi kiciɓis, hanci da hanci.
Wurin kaucewa taku ashirin ne bayansa,
nawa kuwa yana can ƙasan kwari.
Na jira. Na ƙifta masa fitila.
Ko motsi.
Na fito da faɗa cike da baki,
ƙananan ƙwarin nan masu cizo suka yi mini rawani.

Tsoho ne. Ya damƙe sitiyari
kamar wanda ruwa zai ci.
Ya ce, "Ki yi haƙuri, ban iya baya ba.
Shekara arba'in Glenys ce ke tuƙi,
ni taswira nake riƙewa."

Taswirar na kan ɗaya kujerar,
an zagaye wani gaɓar teku da fensir,
ga tabarau a ninke a kai,
ga rigar sanyi mai maɓalli ɗaya daban da saura.
Ban tambaya ba. Shi ma bai ƙara ba.

Da na hau mazaunin direba
sai ƙafata ta sami kuloci daidai,
ni da ake yi wa dariya don gajarta.
Ashe bai taɓa matsar da kujerar ba.
Tun daga kudu ya taho a takure,
gwiwoyinsa na gugar sitiyari,
kwana uku.

Na sa giyar baya. Kofuna suka yi ƙara a kabad.
Na ce, "Madubin hagu za ka duba, ba tsoronka ba.
Kaɗan-kaɗan. Dutsen nan ba ya zuwa ko'ina."
Ya tsaya a yayyafi yana gyaɗa kai
kamar ɗan makaranta.

Torquil ya yi mita na makara.
Na ce tunkiya ce.

Ranar Juma'a, kusa da gada, ga farar motar kuma.
Kafin in taka birki
sai na ga ta fara ja da baya,
a karkace, taya ɗaya cikin ciyawa,
ta tsaya, ta gyara, ta sake.
An daɗe. Wasiƙu na jira. Ban taɓa hon ba.

Da na zo wucewa na ɗaga yatsa ɗaya.
Shi kuwa, don bai san al'ada ba,
ya saki sitiyari,
ya ɗago hannu biyu.